Taraktar Gwanjo da Bijimai Biyu

"Ban sallama ba."

Haka na faɗa a tsakiyar karar shanu ta Cadawa, da hantsi, gaban dillali da mai saye da duk wani mai kunne. Hamisu dillali yana riƙe da igiyar bijimaina biyu. Wani mahauci daga Maraɗi ya taya jika ɗari tara, wato sefa dubu ɗari tara, saura kalma ɗaya ta fito daga bakina a kora su cikin kamiyo, babbar motar kaya.

Baba ya matso kusa da ni har ina jin ƙanshin goron da yake tauna.

"Juwairiyya, cewa na yi ki sallama."

"Na ji, Baba. Ban sallama ba."

"Malam Baƙo," in ji Hamisu, yana sassauta igiyar, "ka san ni, na san ka. Wannan tsagar kunnen ta gidan marigayiya Hauwa ce, surukarka. Ina zaune ranar sunan yarinyar nan tsohuwar ta ba ta karsana, kamar yadda mutanenku ke yi tun suna bin shanu a arewa. Waɗannan jikokin karsanar ne. In mai abu ba ta sallama da bakinta ba, ni ba na cin la'adar da za ta tashe ni ranar ƙiyama da ƙaho a wuya."

Yaya Rabilu, babban wana, ya cire hularsa ya mayar.

"Yau ga ikon Allah! Mace ce za ta tsayar da ciniki a kara? Yarinyar da muka kai lakol ta yi boko da kuɗinmu?"

"Lakol ta gwamnati ce, Yaya. Ko alli ba ka taɓa saya mini ba."

Mahaucin ya yi dariya, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce in mun gama shari'ar gida mu neme shi. Hamisu ya miƙo mini igiya. Na kora Fari da Ja, don haka nake kiran su, ban wahalar da kaina neman suna ba, muka kama hanyar ƙauyenmu a ƙasa. A rabin hanya Baba da Yaya suka wuce ni a kan babur. Ba su tsaya ba. Rairayin da suka watsa mini shi ne gaisuwar ƙarshe da na samu daga wurinsu a ranar.

Abin da ya kai mu kara yana nan tsaye a ƙofar gidanmu, ja, ƙato, ba ya motsi. Tarakta ce.

Wata biyu kafin nan wata furoje, ƙungiyar tallafin noma, da ta gama wa'adinta a Agye ta yi gwanjon kayanta. Baba ya tattara kuɗin ayar bara gaba ɗaya, ya sayar da shanun gandu da amalanke ya ƙara a kai, ya tafi da ni don ni ce mai karanta faransanci a gidan. Shekara uku na yi a lakol ta aikin gona, na fito da takardata, ina zaune ina jiran a buɗe konkur, jarrabawar da gwamnati ke ɗaukar malaman gona da ita.

Da muka isa, Baba ya zagaya taraktar sau uku, hannu a baya, kamar yadda yake zagaya sa a kara. Ya shafa fentin, ya ce fata lafiya lau. Yaya Rabilu ya durƙusa gaban tayar baya ya ƙirga haƙoranta da yatsa, ya ce yarinya ce, ba ta ko gama girma ba. Ya daki gefenta da tafin hannu, ta yi ƙara, suka dubi juna suka yi murmushi.

Ni kuwa na hau na duba agogon da ke ƙirga awannin aiki. Awa dubu goma sha huɗu. Na leƙa ƙarƙashinta, na ga an watsa sabon rairayi, na tona da ƙafa, sai ga ƙasa baƙi ƙirin da mai. Na ce wa ma'aikacin ofishin furojen ya tayar mana da ita mu ji. Ya ce babu batir. Na karanta takardar da aka manna a jikinta: yadda take haka za a sayar, ba a mayarwa.

"Baba, ba a tayarwa, ba a mayarwa. Ka taɓa sayen sa yana kwance, an ce maka kar ka tashe shi?"

"Ƙarfen da ne wannan, na Turawa," in ji shi. "Ba irin sababbin nan ba da ake ƙerawa da gwangwanin madara."

Na ce masa a Maraɗi akwai ƙaramin injin huɗa sabo fil, miliyan biyu da jika ɗari uku, da takardar garanti ta shekara guda, kayan gyaransa kuma a kowane shago. In ma bai so ba, ya mayar da shanun gandu, ya sayi sabuwar garma da injin shuka, ragowar ya zuba taki.

"Wancan da ake bi a baya kamar mai kora jaki?" in ji Yaya Rabilu. "Haba! Mutum ya sayi abin da zai hau a gan shi."

Aka buɗe gwanjo da miliyan ɗaya. Kafin a kai miliyan ɗaya da rabi duk masu hankali sun sauke hannu. Saura Baba da Alhaji Mudassir, wani ɗan kasuwar hatsi da suke 'yar tsama da shi tun wata rigimar iyakar gona. Alhaji ya ɗaga yatsa, Baba ya ɗaga hannu. Alhaji ya ɗaga gira, Baba ya miƙe tsaye. A miliyan biyu na ja gefen rigarsa, ya fizge. A miliyan biyu da rabi na kira sunan Allah a bayyane, Yaya ya taka mini ƙafa. Da aka kai miliyan uku da jika ɗari biyu, daidai abin da ke cikin jakar Baba har ƙasa, sai Alhaji Mudassir ya zura hannu a aljihu, ya yi hamma.

"Allah ya sanya albarka, Malam Baƙo. Ni dama tayoyin nake so."

Aka yi tafi. Baba ya riƙa karɓar gaisuwa kamar an yi masa haihuwar namiji.

Kamiyo ya jawo ta har inda kwalta ta ƙare, direban ya ce motarsa ba ta shiga rairayi. Fari da Ja suka ƙarasa aikin. Su suka ja ta har ƙofar gida, harshe a waje, Yaya Rabilu yana bisa yana murza sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗaga wa mutane, mata suna guɗa.

Daga nan Kabiru bakanike ya zama ɗan gida. Duk mako sai ya zo daga Maraɗi, a yanka masa kaza. Ya ce batir, aka sayo. Ya ce famfon mai, aka sayar da tumakin Inna. Ya ce lagireto, aka buɗe rumbun wake. Kowane zuwa maganarsa ɗaya ce: "Saura ƙiris, Malam." Ran da ta tashi, garin duka ya fito. Ta yi tari, ta turnuƙe unguwa da hayaƙi, ta yi taku kamar talatin, ta mutu a gindin bishiyar bedi ta ƙofar gida. Kabiru ya kwance cikinta ya baje a kan tabarma kamar kayan fawa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce injin ne gaba ɗaya. Akwai wani a Katsina, shi ma na hannu ne, jika ɗari takwas.

A nan ne idon gidan ya juyo kan bijimaina.

Washegarin ranar kasuwa na je ɗibar harawa, na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar rumbu. Yaya Rabilu yana zaune a kan turmi yana kaɗa mabuɗin a yatsa.

"Harawar gandu ta dabbobin gandu ce. Masu dukiyar kansu su nemi tasu."

"Waɗanne dabbobin gandu, Yaya? Wadda ke ƙofar gida ba ta cin harawa."

"Ki dai yi ta baki. Bazara ce za ta ba ki amsa."

Bazara kuwa ta ba ni. Watan huɗu ne, ƙasa kamar an soya ta. Kullum bayan sallar asuba nakan ɗauki manjagara da igiya in tafi nesa, in kakkaro busasshiyar ciyawa da makiyaya suka raina, in ɗauro ta a kai. Tunda amalanken gidan ya tafi cikin tarakta, ruwa ma a kai nake kawo shi daga famfo, jarka takwas a rana, don sa ba ya shan ruwa da cokali. Na sayar da zannuwana biyu na sayi dusa. Na sayar da takalman da na ajiye don ranar da zan fara aiki, na sayi guryar auduga. Duk da haka haƙarƙarin Ja ya fara fitowa, ana iya ƙirga shi daga nesa.

Baba ya daina yi mini magana. In na durƙusa na gaishe shi, sai ya kalli katanga. In yana da saƙo sai ya ɗaga murya ya ce wa Inna, "Binta, gaya wa mai shanu ta kau da kashinsu daga hanya." Bayan mako guda ya ce wanda ya ware dukiyarsa ya ware tukunyarsa. Aka cire kwanona daga jerin kwanukan gida. Inna takan rage nata tuwon ta tura mini a ƙarƙashin faifai.

Ba wai ba su da hujja ba. Hujja kam a gidanmu ta fi gero yawa a shekarar.

"Ke ba ki da hangen nesa, duk da lakol ɗinki," in ji Yaya Rabilu wata rana ina sauke jarka. "In ta tashi, eka guda jika ashirin za a riƙa biya. Daga nan har Gazawa layi za a yi. Damina ɗaya in saya miki bijimai huɗu."

"Awa dubu goma sha huɗu ta yi, Yaya. In an sa inji, giya ce za ta biyo baya. In an gyara giya, abin ɗaga garma. Ba ta da ko garmar ma, ka lura? Garmar daban aka yi gwanjonta."

Ashe bai lura ba. Sai ya ce, "To, ai shi ya sa muke son kuɗin ya ɗan yi saura."

Baba shi nasa dalilin na addini ne. Ya ce ɗa da dukiyarsa duk na uba ne, ya tafi wurin liman don a zo a karanta mini. Liman ya saurare shi har ƙarshe, ya ce biyayya ga iyaye wajibi ce, amma dabbar da aka ba yarinya tata ce, ba ta halatta ga kowa sai da daɗin ranta. Tun daga ranar Baba ya koma sallah a masallacin unguwar gabas. Ya ce na nan ya cika zafi.

Wadda ta fi ba ni wahala Inna ce, don ita ba ta zagi. Ta same ni a turke da rana ina cire wa Fari kaska, ta zauna a kan guntun icce.

"Ki bar musu, ɗiyata. Dabba ce. Ana haihuwar wata."

"Inna, ke da shanu nawa kika zo gidan nan?"

Ta ɗan yi murmushi. "Bakwai."

"Ina suke?"

"Biyu sun kai Malam asibiti lokacin ciwon ƙafa, wannan ban yi baƙin ciki ba. Ɗaya ta zama rediyo da keke. Biyu auren babban yayanki. Ɗaya babur. Ta ƙarshe ban ma san me ta zama ba, na dawo daga biki na tarar da turke." Ta kakkaɓe zanenta. "Kin ga na mutu?"

"Ba ki mutu ba, Inna. Amma ko tunkiya ba ki da ita yau. Kuma har yanzu ba a taɓa cewa an gode miki ba."

"Zaman gida ba a yin sa da lissafi."

"Da an yi lissafi ai da ba a sayi waccan ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In na ba su yau, Fari da Ja su zama inji, injin ya mutu, damina ta zo, da me za a huɗe gandu? Da sitiyari?"

Ta karɓi kaskar daga hannuna ta murƙushe ta da dutse.

Ana cikin haka aka buɗe konkur. Hafiza, ƙawata da muka yi lakol tare, ita ta kira ni a waya tana ihu. Malaman gona ake nema, a Maraɗi za a rubuta, kwana biyu, da tafiya da dawowa kwana uku. Shekara biyu ina jiran wannan rana. Takarduna suna cikin leda a ƙasan akwati, na aika da su aka sa sunana. Ina karatu a gindin turke, littafi a cinya, Ja yana lasar gefen shafi.

Yaya Rabilu ya ji labari. Bai ɓoye komai ba, wannan kam na yaba masa. Ya zo ya jingina da dangar turke yana sakace.

"An ce za ki Maraɗi kwana uku. Allah ya ba da sa'a. Kin san akwai kara a Jibiya? Can ƙetaren iyaka babu wanda ya san kunnen kakarki. Ba a tambayar mai abu, mai igiya ake tambaya."

Na je wurin Hamisu dillali na roƙe shi ya riƙe mini su kwana uku a gidansa. Ya girgiza kai.

"Ɗiyata, na hana ciniki a kara don can hurumina ne. Amma in ɗauke shanu daga gidan uba in ɓoye a nawa? Gobe a ce Hamisu ya raba ɗiya da ubanta. Da mutanen nan nake cin abinci."

Na je gidajen dangin Inna biyu. Ɗaya ya ce ba shi da turke. Ɗaya ya ce yana da turke amma ba shi da bakin da zai amsa wa Malam Baƙo. Na tambayi Inna ko za ta iya tsare su. Ta dube ni kawai, na ji kunyar tambayar. Har na yi tunanin in kora su a ƙasa zuwa Maraɗi in ɗaure su a ƙofar ɗakin jarrabawa. Da suna da ƙarfin tafiyar, wallahi da na yi.

Ranar tafiya na shirya duk da haka. Na yi wanka, na ɗaure 'yan kayana, na kira ɗan kabu-kabu ya zo da babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar gida, ina fatan ko wani abu zai sauya. Baba yana zaune a kan tabarma a inuwar tarakta. Yaya Rabilu yana gefe, ya riga ya sa takalman tafiya, da sabuwar igiya a kafaɗa. Ko kunyar ɓoye ta bai ji ba.

Na durƙusa. "Baba, zan tafi jarrabawa. Ina roƙon ka ce kar a taɓa su har in dawo."

Karon farko cikin kwana arba'in ya dube ni. Muryarsa a sanyaye, kamar mai lallashin yaro.

"Ki tafi abinki. Ni zan biya kuɗin mota, in ba ki guzuri, in sa miki albarka a gaban mutane. Ki ci jarrabawa ki zama madam, ki hau babur na gwamnati. Me malamar gona za ta yi da bijimai? Ki ce kin bar wa gida, shi ke nan."

"In ban faɗa ba fa?"

"Hanya a buɗe take. Ban ɗaure ki ba."

Ɗan kabu-kabu ya danna oda. Na dubi turke, na dubi igiyar da ke kafaɗar Yaya, na dubi Inna da ke tsaye a bakin zaure da muciya a hannu. Gabas ta fara haɗa hadari tun kwana biyu. Na san gandunmu, eka goma sha biyar, rabinsa na aya da gyaɗa, ba ya yi sai an huɗe. Na san abin da ya rage a rumbu, don ni nake shara a gindinsa.

Na tashi na ba ɗan kabu-kabu kuɗin wahalarsa, na ce ya tafi. Na shiga ɗaki na sauya zane, na ɗauki jarka.

"Girman kai rawanin tsiya," in ji Yaya Rabilu a bayana.

"Shi ya sa naka ya kai miliyan uku da jika ɗari biyu," na ce masa, ban juyo ba.

Kwana huɗu bayan nan ruwa ya sauka, mai yawa. Gari ya watse zuwa gona. Na ɗaura wa Fari da Ja karkiya, na ɗauko tsohuwar garmar da aka jefar a bayan rumbu tun zuwan tarakta, na tafi gamanata, 'yar gonar da aka yanka mini kamar kowace mace a gidan. Babu namijin da ya yarda ya riƙe mini garma. Na riƙe da kaina. Masu wucewa suna tsayawa suna kallo.

"Sannu, madam! Abin da aka koya muku a lakol ke nan?"

"Shi ne. Ku in kun gaji akwai tarakta a ƙofar gidanmu, ku je ku hau a gan ku."

Kwana biyu na gama tawa. Gandu kuwa yana nan kwance, ciyawa ta fara tsirowa. Baba ya aika neman hayar shanu, kowa nasa na aiki, wanda ya yarda kuma ya ce kuɗi hannu. A rana ta uku Inna ta zo ta tsaya a kaina.

"Ba shi ya aiko ni ba," in ji ta. "Ba zai aiko ba. Amma in gandu bai yi ba, ni da matar yayanki da 'ya'yanta me za mu ci?"

Washegari muka shiga gandu, Inna tana gaba tana jan igiyar hanci, ni ina baya da garma. Kwana goma sha ɗaya. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Wuyan Ja ya goge har ya yi jini, na naɗe karkiyar da tsumma muka ci gaba. Rana ta shida ya durƙusa a tsakiyar kunya, na zauna kusa da shi har ya ga dama ya tashi. Yaya Rabilu yakan zo da hantsi ya tsaya a bakin gona, hannu a ƙugu.

"Kunyar nan ta karkace. Da tarakta ce da yanzu an gama, kwana ɗaya."

"Je ka ɗauko ta, Yaya. Ko mu zo mu jawo maka?"

Shi da Baba suna can gindin bedi yawancin yini, da Kabiru bakanike, ana shan shayi ana kiran Katsina a waya. Mai injin ya ƙara jika hamsin, wai kuɗin Najeriya ya motsa.

Damina ta yi kyau. Aya ta yi, gyaɗa ta yi, gero ya cika rumbu biyu. Ranar da ake ɗaure dammuna, maƙwabta suka zo yi wa Baba barka. Ina bayan danga ina jin sa.

"Alhamdu lillahi. Yaron nan Rabilu ya tsaya a kan gona bana. Baɗi in tarakta ta tashi sai dai ku ji labari."

Da kaka wani mai sayen tsohon ƙarfe ya zo da ma'auni a bayan mota, ya zagaya ta, ya taya jika ɗari uku, tayoyi a ciki. Baba ya kore shi, ya ce ba a wulaƙanta shi a ƙofar gidansa ba. Kuɗin ayar shekarar rabinsa ya riga ya tafi Katsina. Injin ya zo a cikin buhu. Kabiru ya ce bai yi daidai da mazauninsa ba, amma saura ƙiris.

Hafiza ta ci konkur. An tura ta nan yankinmu, tana zuwa da babur da hular kwano tana koya wa manoma yadda ake zuba taki. Ran nan ta tara mutane a ƙofar gidanmu, Baba yana sahun gaba yana gyaɗa kai, yana cewa, "Gaskiya ne, madam." A lakol ni nake yi mata bayanin darasin nan. Da ta gama ta zo turke ta same ni, ba ta san inda za ta ajiye idonta ba. Ta ce an ce sai nan da shekara uku ko huɗu za a sake buɗewa, in an samu kuɗi.

Ga abin da na biya. Aikin da na yi shekara uku ina karatu, na yi biyu ina jira, ya wuce ni ina ɗauke da jarka. Wata goma sha huɗu ke nan ubana bai kira sunana ba. Kwanona bai koma cikin jeri ba, ko da yake geron da ake tuƙawa ni na huɗe gonarsa. Ba na zuwa biki, ba na zuwa ta'aziyya in akwai kwana a ciki; da ƙanwar Inna ta rasu a Gidan Sori, daga nan na yi mata addu'a, don igiyar Yaya tana rataye a ƙusa a zaure har yau. Hannuna ya yi kanta, alƙalami ma sai na gyara riƙo.

Fari da Ja suna nan, sun murmure, an dama musu dusa yanzu suna sha. Nawa ne na kaina, kowa a Cadawa ya sani. Iyakar tafiyata kuma daidai da tasu take: daga turke zuwa gona, daga gona zuwa famfo, mu dawo kafin rana ta faɗi.